Ciwon da Malam Ya Hana Ni Faɗa

Shekaranjiya aka yi suna a gidan da ke bayan namu, na ɗauki sandata na je barka. Ban gama zama a tabarma ba aka dire mini kwalbar lemu, daga firigo aka fito da ita har tana gumi, ga biskiti a leda, ga alewa mai launi-launi. Na ce Allah ya yi albarka, a ɗauke, a ba ni ruwan randa. Uwar mai jego ta taso da kanta ta ce, haba Inna, ko kurɓi ɗaya ne, kada ki mayar mana da hannu. Na ce mata ba raini ba ne, ba na sha ne, kuma na faɗa mata dalili a gaban mata duka, kamar yadda nake yi a kowane gidan biki yanzu. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka kalli juna. Na san abin da ake faɗa in na juya baya, wai tsohuwar nan ba ta da aiki sai kawo zancen ciwo a wurin murna. Da na dawo gida na kasa cin komai, na zauna ina kuka kamar jiya aka yi rasuwar mai gidana. Shi ya sa na ce a kawo takarda. Ni ban shiga lekwal ba, ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba, zan faɗa a rubuta, ko ƙirjina ya yi sauƙi.

A wani ɗan ƙauye na gefen tafkin Gidimuni na tashi, kuma har na isa aure ban san akwai zaƙin da ake sayarwa a kwali ba. Zaƙi a wurinmu yana da lokacinsa, ya zo ya wuce, a jira shi sai baɗi. In dawa ta nuna akwai takanɗa, mu karya a bakin gona mu yi ta tsotsa har leɓe ya tsage. In sanyi ya shigo magarya ta yi ja, mu fita da ƙorai tun da hantsi, mu dawo ƙafafu duk ƙaya, a shanya, a daka, a tankaɗe. Goruba kuwa sai mai ƙarfin haƙori. Rake yana nan a fadama, amma na masu lambu ne, sai ranar kasuwa babanmu ya shigo da kara ɗaya a kafaɗa, a yanka mana gaɓa-gaɓa, ga mu da yawa a gidan. Abin da ya fi komai shi ne maɗi. In ɗinya ta yi baƙi ta fara zuba, kakarmu ta sa mu tsinto, ta jiƙa, ta murje, ta tace, ta ɗora a babbar tukunyar ƙasa tun da safe. Wuni guda ana iza wuta, ƙanshi ya cika unguwa, mu kuwa mun kewaye murhu kamar kaji. Ba ta barin kowa ya sa hannu. Sai ya yi kauri, tana ɗaga muciya yana bin ta, sannan ta lakata wa kowa a tafin hannu, ta ce mu je can mu lasa a hankali, wanda ya gama nasa kada ya dawo mata. Wannan ɗan lakacen sai mu kai la'asar muna lasarsa, washegari ma muna sansanar hannu.

Sauran kwanakin shekara kuwa gero ne da nono. Gari bai gama wayewa ba za ka ji taɓare sun fara, gidan nan ya ɗauka, gidan can ya amsa, 'yan mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, a jefa taɓarya sama, a tafa, a cafe. Surfe, wanki, daka, tankaɗe, a dunƙula a dafa, a mayar turmi a kirɓa. Kafin rana ta yi tsaka fura ta samu, a dama da nonon da Fulani suka kawo, ɗan citta da kanumfari da barkono, shi ke nan. Ba wanda ya taɓa cewa ba ta yi daɗi ba, domin gero yana da nasa ɗanɗanon, in bakinka bai lalace ba za ka ji shi can ƙarshen harshe. Miya kuka ce ko busasshiyar kuɓewa, da daddawar batso wadda uwarmu take yi da hannunta, ta rufe ta kwanaki a ɗaki har warinta ya kore mu waje. Ba ina cewa ba mu sha wuya ba. Mun ga shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin shuka, mun ci tafasa da dusa, ƙannena biyu ba su kai yaye ba. Amma abin da muke ci mun san gonar da ya fito da hannun da ya daka shi. Yau a unguwar nan sai ka wuni ba ka ji turmi ba, sai ƙarar injin niƙa da ta kabu-kabu. Mutum ya tashi da safe ya sayi ledar abinci a butik, ɗan kantin unguwa, ya yaga da haƙori, ya ci ya yar, iska ta kwashe ta rataye a ƙaya.

Aure ne ya kawo ni birnin Damagaram, gidan baduku. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba yana raye, Malam nake ce masa. Mutum ne mai kunya da kawaici, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. A zauren gidanmu yake aiki, jakunkuna da takalma da kuben wuƙa, daga tsakar gida ina jin wuƙarsa tana bin fata a kan katako, har na saba da ƙarar kamar numfashina. A gidansa na fara ganin sukari mai ƙwaya, fari fat, an kawo mini cikin kayan barka lokacin haihuwata ta fari. Na sa ɗaya a baki na rufe ido, na ce ashe akwai maɗin da ba a wuni ana iza masa wuta. Ni da hannuna na fara jefa wa Malam ƙwaya biyu a koko, ina jin na zama 'yar birni. Daga biyu aka koma huɗu. Sannu a hankali komai ya biyo baya, dunƙulen miya na kanti ya kori daddawa, madarar gwangwani ta zo, burodi ya zo, lemun kwalba ya zo. Kuma abin ya zama ma'aunin girma. Wanda ake ganin mutuncinsa shi ake cika wa sukari, baƙo kuwa in ka dama masa fura ba ka zuba ba, zai tafi yana cewa ka raina shi.

Malam yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, sunansa Ari, ubansa Babarbare ne. Tare suka tashi, tare suka yi karatun allo, gidansu bai fi taku ɗari daga namu ba. Kullum bayan la'asar Ari zai zo zaure da butar shayi da gawayi, dattawa biyar ko shida su taru a yi dahuwa uku. Shi ne mai zubawa, ya ɗaga buta sama ruwan ya sauko siriri, kumfa ta tashi. Tsakaninsa da Malam tsiya ba ta ƙarewa, yana ce masa bawansa, wai da akuya gurguwa kakansa ya saye shi. Ni ma ban tsira ba. In ya iso sai ya ɗaga murya ya ce, 'yar Gidimuni, yau ma kin ƙona tuwon? Ni kuma daga ciki in ce wanda bai kawo ko itace ɗaya ba ba shi da bakin magana. Fiye da shekara arba'in muna haka.

Tsufa ya fara kama mu, 'ya'ya sun watse gidajensu, sai Malam ya soma ramewa alhali yana ci. Ƙishirwa ba ta barinsa, buta ba ta rabuwa da hannunsa. Wata safiya na ga kiyashi sun yi baƙi a inda ya yi fitsari a makewayi. Na matsa masa har muka je gidan likita. Lokotoro ya soki yatsarsa ya duba jini, ya ce ciwon sukari ne. Ya rubuta magani, sannan ya juyo gare ni ya ce maganin rabi ne, sauran rabin yana hannuna. Ba sukari a shayi ko koko ko fura, ba lemun kwalba, ba biskiti da alewa, a rage burodi da shinkafa, ko zuma da dabino ma a yi hattara da su. A koma ganye da wake da tuwo daidai ciki. Ni da Malam muka kamo hanya har ƙofar gida. Ya tsaya ya ce, "Wannan magana ta tsaya tsakanina da ke. Ko Ari." Na ce, Malam, ai shi ne mai zuba maka shayi. Ya ce shi ba zai zama wanda ake yi wa sannu a bakin masallaci ba. Ya ce mutum in aka san yana ɗauke da ciwon da ba ya warkewa, masu kawo aiki sai su fara wuce ƙofarsa, a riƙa nuna jikokinsa ana cewa gidansu akwai ciwo. Shayi kuwa, ya ce zai san yadda zai yi. Na ce to. Haka aka rene mu. Ranar da za a kawo ni gidan nan uwata ta riƙe hannuna ta ce duk abin da ya shafi mijina, mai daɗi ko marar daɗi, kada in kuskura in fitar da shi waje.

Na koma madafa kamar sabuwar amarya. Kwalin sukarin da ya rage na ba maƙwabciya, dunƙulen kanti na daina saye, na aika ƙauye aka kawo mini daddawar batso. Turmin da ya daɗe a kife kaza tana hawa na wanke shi na koma daka, bayana yana ciwo ina yi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, rama, wake, kunun tsamiya da tsaminsa. Ni ma na daina shan zaƙi, domin ba zan sha yana kallo ba. Makonnin farko komai na sa a baki kamar ƙasa nake tauna. Bayan wata biyu wata rana ina shan fura na ji ɗanɗanon gero ya dawo mini, irin na gidanmu, har hawaye ya zubo mini a ƙwarya. Malam yana ci ba ya ƙorafi. Amma iyakar abin da na iya tsarewa daga ɗaki ne zuwa bakin zaure. Shi dattijon unguwa ne, ba a ɗaurin aure ba a raɗin suna sai da shi, kuma shi ake fara buɗe wa kwalba. Yakan ce mini riƙewa kawai yake yi a hannu. To mai gida yana tsaye a kansa yana cewa bismilla Malam, mai kunya irinsa ta yaya zai ajiye? Da azumi kwanoni su yi ta shigowa daga maƙwabta, kunu ya sha sukari har yana danƙo, kuma ba a mayar wa mutum kwanonsa da abinsa, sai in juye in rarraba a ɓoye. Shayi kuwa, daga tsakar gida ina jin ƙarar finjali, ina ƙirga dahuwa, ta fari, ta biyu, ta uku, ina zaune da muciya a hannu ba yadda zan yi.

Mata suka fara lura. Wadda ta shigo na dama mata fura sai ta kurɓa ta ajiye, ta ce ta ƙoshi. A gidan biki in aka miƙo mini alkaki in ce haƙori ke damuna, gobe in ce ciki, har ƙaryar ta ƙare mini. Magana ta zaga unguwa cewa matar baduku ta tsufa da rowa, ta hana mijinta ko ƙwayar sukari, ga shi nan duk ya zube. Na ji, na haɗiye. Maganar ta kai kunnen Ari. Da farko wasa ya mayar da ita, yana cewa bawansa ya faɗa hannun azzaluma. Daga baya na lura yana faɗa ba ya dariya.

Wata rana da hantsi Malam yana zaure yana yankan fata, Ari ya yi sallama ya wuce shi, ya shigo har bakin tsakar gida, abin da ba ya yi. Kwalin sukari ne a hannunsa, ya ɗora a kan turmi.

"Ga wannan," in ji shi. "In tsada ce ta hana, ni na ɗauke miki."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na ce ya kai gidansa, ai na ji labarin irin kokon da ake ba shi. Ya matso ya rage murya.

"Bar wasa. Mutumin nan yana ƙarewa ina kallo, rigarsa ta yi masa yawa. Ke kike tare da shi. Faɗa mini, me ke damunsa?"

Maganar ta zo mini har baki, wallahi ta zo. Sai na ji wuƙar Malam ta tsaya a zaure. Bai yi tari ba, bai kira ni ba, aikin ne kawai ya tsaya, na san yana saurare. Na dubi ƙasa na ce, "Babu komai, tsufa ne."

Ari ya dube ni. Ya ce to, tunda babu komai, shi zai kula da ɗan'uwansa a inda hannunsa ya kai. Ya juya ya fita, ya bar kwalin a kan turmi. Da ya tafi na je na durƙusa gaban Malam, na roƙe shi ya bar ni in faɗa wa Ari, shi kaɗai. Ya ce Ari ba ya riƙe magana, in ya ji da safe kafin azahar duk kasuwa ta ji. Ya ce na yi daidai, Allah ya yi mini albarka. Na ji daɗin albarkar nan a lokacin, kuma yau ba abin da yake ci mini rai kamarta.

Bayan kamar shekara biyu ido ya fara. Ya kasa zura zare, sai ni nake zura masa da yawa in jera kafin mutane su zo, kada a gane. Sannan ƙafa. Ya taka basilla a zaure bai ji ba, sai da na ga jini a tabarma na ɗaga ƙafar. Ɗan rami ne bai fi ƙwayar gero ba. Muka wanke, muka sa magani, ya ƙi rufewa, ya yi baƙi, ya fara hawa. Da muka koma gidan likita lokotoro ya duba jini, ya dube ni ya ce, Inna, me kike ba shi? Na lissafa masa duk abin da ke shiga tukunyata, na rantse. Malam ya juyar da kai wajen bango. Mutanen unguwa aka ce musu gyambo ne. Masu dubiya kowa ya zo da ledarsa, lemun kwalba, madara, biskiti, a jera a gefen gado, ni in yi godiya in kwashe in sun fita. Aka ce sai an yanke ƙafar, Malam ya ce a bar shi ya koma ga Ubangijinsa da gaɓoɓinsa cikakku. Wata Laraba bayan azahar ya cika, hannunsa a cikin nawa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ban taɓa zama da mutum mai sauƙin hali kamarsa ba.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma. Kwana biyu da fitata Ari ya zo gaisuwa. Ya tsufa ƙwarai a watannin nan, har da sanda. Ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa, muka yi wa Malam addu'a. Sai ya ce in yafe masa, domin ya daɗe yana zargina a zuci. Ya ce shi dai ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Tun ranar da na ce masa babu komai, finjalin Malam daban yake haɗawa, ya ƙara masa ƙwaya uku a kan na kowa, ya tsare shi har ya shanye. Ranar Juma'a kuma in sun fito masallaci ya sayo alkaki ko madarar gwangwani ya sa shi ya ci a gabansa, ko Allah ya sa ya mayar da jiki.

"Bai taɓa ce mini a'a ba," in ji shi. "Ko sau ɗaya."

A zuciyata na ce wannan magana zan tafi da ita kabari, tsohon nan bai yi komai ba sai ƙauna, me zan ƙara masa? Sai ya ci gaba, ya ce yanzu ma akwai wani cikin dattawan da suke shan shayi tare, shi ma ya fara ramewa kamar Malam, ba ya rabuwa da ruwa, shi ya sa ya fara ƙara masa a finjali.

Nan ne bakina ya buɗe. Na ce, "Ari, ciwon sukari ne ya kashe Malam. Lokotoro ya hana shi zaƙi tun kafin ka kawo mini kwalin nan. Shi ya ce kada in faɗa."

Ya dubi hannunsa na dama, ya juya shi, ya sake dubawa.

"Ya sani, yake karɓa?"

Na ce ya sani.

"Ke ma kin sani, na tsaya a gabanki ina tambaya."

Na ce na sani.

"Kuka bar ni," in ji shi. Bai ɗaga murya ba. Ya tashi yana laluben takalminsa, ɗaya ya ƙi shiga, ya ɗauke shi a hannu ya fita haka.

Dattijon nan da ya ambata, a makon aka kai shi gidan likita, Ari ne ya kai shi da kansa, kuma yana nan da ransa har yau. Ari kuwa bai sake hura gawayin shayi ba, bai sake taka zauren nan ba. Sau biyu na aika a roƙa mini gafara, ya ce a gaya mini ya yafe tuntuni, ba ni ce ba ya iya kallo ba, wurin zaman ne. Shekara uku ya ƙara a duniya. Da na je ta'aziyyarsa matarsa ta jawo ni gefe, ta ce akwai wani hali da ya ɗauka a ƙarshe wanda har ya rasu ba ta gane kansa ba. Ta ce ya daina miƙa wa mutum abin ci ko abin sha da hannunsa, ko baƙo ne, ko 'ya'yan cikinsa. Sai dai ya ajiye a ƙasa tsakaninsu, ya janye hannu, ya ce in mutum ya san ba zai cuce shi ba ya ɗauka da kansa.